Yaran Da Aka Raba Da Iyayensu A Kanada

Duk ranar 30 ga watan Satumba, wanda ya shiga garuruwan Kanada zai ga mutane da yawa sanye da riga mai ruwan lemo, manya da yara. Tun 2021 gwamnati ta keɓe wannan rana domin tunawa da 'ya'yan 'yan asalin ƙasar, watau kabilun da Turawan Ingila da na Faransa suka tarar a can. Asalin rigar kuwa shi ne, a 1973 wata yarinya 'yar shekara shida mai suna Phyllis Webstad ta tafi makarantar kwana ta mishan da sabuwar riga wadda kakarta ta saya mata. Ran da ta isa aka tuɓe mata ita, ba ta sake ganinta ba.

Waɗannan makarantu sun fi 130. Gwamnati ce take ba da kuɗi, ekklesiyoyi kuma suke gudanarwa: Katolika, waɗanda suka fi kowa yawan makarantu, da Angilikan, da Firesbiteriyan, da Metodis. Daga 1920 doka ta tilasta wa iyaye su ba da 'ya'yansu. Yara wajen 150,000 suka bi ta cikinsu, na ƙarshe kuwa ba a rufe su ba sai a 1996 da 1997.

Nufin gwamnati shi ne yaro ya manta da gidansu. Da zuwansa sai a aske masa gashi, a sake masa suna, wani ma lamba ake ba shi. In ya yi yarensu ya sha duka. Wa da ƙanwa suna makaranta ɗaya amma ba dama su gaisa. Abinci bai isa ba, ɗakunan kwana a cunkushe, tarin fuka ya yi ta kwashe yara. Tun 1907 wani likitan gwamnati, Peter Bryce, ya kai ƙara a kan yawan mace-macen, aka yi kunnen uwar shegu da shi. Sunayen yaran da aka tabbatar sun mutu sun wuce 4,000, da yawansu ko gawarsu ba a mayar wa iyayen ba. Waɗansu ma'aikata kuma sun lalata yaran da aka ba su amana.

Labarin nan yana da nauyi a gare mu, gama daga Kanada ne Rowland Bingham da Walter Gowans suka taso a 1893 domin su kawo bishara ƙasarmu. Amma bai kamata mu kau da kai ba, tun da ekklesiyoyin can da kansu sun amsa laifi. Angilikan sun roƙi gafara a 1993, Firesbiteriyan a 1994. Firayim Minista Stephen Harper ya roƙa a madadin gwamnati a 2008, Paparoma Francis kuma ya je jihar Albata da kansa a watan Yuli na 2022. Hukumar bincike wadda alƙali Murray Sinclair ya shugabanta ta saurari mutane fiye da 6,000, sa'an nan a 2015 ta ba da shawarwari 94. A 2021 kuma na'urar duba ƙarƙashin ƙasa ta nuna alamun kaburbura kusan 200 a filin tsohuwar makarantar Kamloops. Ba a tone wurin nan take ba, sai gardama ta tashi, waɗansu masu fushi har suka ƙona majami'u.

To, an rufe makarantu, an roƙi gafara, me ya rage? Abin da ya rage yana cikin gida. Duk malamin makaranta ya sani yaro a wurin uwa da uba yake koyon yadda ake riƙon iyali, ba a kan allo ba. Wanda ya girma a layin gadaje, ba mai rarrashi sai mai bulala, ran da ya haifi nasa da me zai rene shi? Da yawa suka faɗa shan giya. Jami'an gwamnati kuma suka zo suka kwashe 'ya'yansu, wai gidan bai dace ba, ko da a wani gidan talauci ne kaɗai laifin.

Ƙidayar 2021 ta nuna cewa cikin yara 'yan ƙasa da shekara 15, 'ya'yan 'yan asali ba su kai 8 cikin 100 ba, amma sun fi rabin yaran da suke hannun masu riƙo. 'Yan asali su ne kashi 5 cikin 100 na jama'ar Kanada, duk da haka kusan sulusin fursunonin gwamnatin tarayya su ne. Ga kuma ruwan sha. A wannan ƙasa mai dubban tafkuna, a 1995 aka umurci mutanen ƙauyen Neskantaga a jihar Ontariyo su riƙa tafasa ruwa kafin su sha, aka shekara fiye da 25 ba a janye umurnin ba. Justin Trudeau ya yi alkawari a 2015 zai kawar da irin wannan nan da 2021, wa'adin ya wuce aiki bai ƙare ba.

A 2023 kotu ta amince a biya diyyar dalar Kanada biliyan 23 saboda yaran da aka raba da gidajensu. Kuɗi ne mai yawa, amma a ganina dokar 2019 ta fi shi amfani, wadda ta ba kowace kabila iko ta kafa dokarta a kan renon 'ya'yanta, ta kuma ce in ya zama dole a ɗauke yaro, a fara neman danginsa tukuna. Gwamnatin jihar Kwibek ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a 2024. Kabilar Cowessess a jihar Saskatchewan ita ce ta fara sa hannu da gwamnati a 2021, ta karɓi sha'anin 'ya'yanta a hannunta.