Mece ce multimita, kuma wacce ya kamata a saya?

Duk sanda gobara ta tashi a unguwar Nima ko Maamobi, ana yawan ɗora laifin kan wayar wuta. Na'urar da mai gyaran wuta ke dogaro da ita wajen gano matsala tun kafin ta kai ga haka ita ce multimita. Ƙaramar na'ura ce mai allon lamba da tsinke biyu, ja da baƙi, tana auna ƙarfin wuta da yawan wutar da ke gudana, tana kuma nuna ko waya ta tsinke a ciki.

Wutar da kamfanin ECG ke kawowa gidaje volt 230 ce, ta isa ta kashe mutum. Don haka kafin ka taya multimita, duba rubutun CAT a jikinta, wato matakin kariya idan wuta ta yi tsalle ba zato. CAT II ta soket ce da kayan gida. Mai aiki a akwatin rarraba wuta yana buƙatar CAT III, mai volt 600. Sai fiyus ɗin da ke cikin na'urar: na tangaran mai yashi a ciki yana kashe tartsatsi, na gilashi kuwa yakan fashe, hannunka yana kai.

A shagunan Opera Square akwai masu araha da yawa, amma buga tambarin CAT na jabu ba wuya, arha kuma ba ta ado.

Yaran da ke koyon aikin wuta wannan haɗari ya fi shafa. Kafin ka yarda waya ba wuta, fara gwada na'urar a soket ɗin da ka tabbata yana da wuta.