Ranar Martin Luther King a Amurka: hutun da iyalai ke yi da tsintsiya a hannu

Kowace shekara, ranar Litinin ta uku ga watan Janairu, ma'aikatun gwamnatin tarayya da bankuna da makarantu da dama suna rufe a ƙasar Amurka domin tunawa da Martin Luther King, malamin addinin kiristan nan baƙar fata wanda ya jagoranci yaƙi da wariyar launin fata. Sai dai iyalai da yawa ba su wuni a gida. Iyaye kan tada ƴaƴansu tun da sassafe cikin tsananin sanyi, su nufi aikin gayya. Wasu su share unguwa, wasu su shafa fenti a azuzuwan makaranta, wasu su cika kwalaye da abinci domin mabuƙata, wasu kuma su tara barguna da rigunan sanyi su kai wa marasa matsuguni.

An haifi King ranar 15 ga Janairu 1929 a birnin Atlanta, aka harbe shi ranar 4 ga Afrilu 1968 a birnin Memphis yana da shekaru 39. Kwana huɗu bayan rasuwarsa ɗan majalisa John Conyers ya gabatar da buƙatar a keɓe masa ranar hutu, amma sai da aka kwashe shekaru 15 ana kai ruwa rana. Matarsa Coretta da magoya baya sun tara sa hannun mutane miliyan 6 kafin shugaba Ronald Reagan ya rattaba hannu kan dokar a 1983. An fara hutun a 1986, kuma sai a shekarar 2000 ne dukkan jahohi 50 suka amince da shi.

Ganin cewa mutane sun soma ɗaukar ranar a matsayin ta barci da yawon kantuna, sai wasu ƴan majalisa biyu da suka yi gwagwarmaya tare da King, wato John Lewis da Harris Wofford, suka kawo wata doka a 1994 wadda ta mayar da ita ranar hidima ga jama'a. A birnin Philadelphia an soma wannan gayya a 1996 da mutane kimanin 1,000, daga baya ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar. A Janairun 2009 ma, ana gobe za a rantsar da shi, Barack Obama ya je ya shafa fenti a wani gidan da ake tsugunar da matasa a Washington.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ake jan yara zuwa wannan aiki? Amsar tana cikin tarihin gwagwarmayar kanta. Lokacin da aka kama Rosa Parks a Montgomery ranar 1 ga Disamba 1955 saboda ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera, baƙaƙen fata sun ƙaurace wa motocin bas har kwana 381. Magidanta sun riƙa tafiya aiki a ƙasa, masu motoci suna ɗaukar maƙwabta, mata suna dafa abinci suna sayarwa domin a samu kuɗin mai. A 1960 yarinya ƴar shekara 6, Ruby Bridges, ta shiga makarantar fararen fata a New Orleans bisa rakiyar jami'an tsaro. A watan Mayun 1963 ƴan makaranta sun fito tituna a Birmingham, ƴan sanda suka sakar musu karnuka da ruwan kashe gobara, aka tsare ɗaruruwansu. Hotunan waɗannan yara na daga cikin abubuwan da suka girgiza zukata har aka kai ga dokar haramta wariya ta 1964 da ta kare ƴancin zaɓe ta 1965.

Shi ya sa iyaye da yawa ke haɗa aikin da karatu. Wasu kan karanta wa ƙananan yara littattafan tarihin Ruby Bridges, wasu su kai su wajen tsofaffi domin su ji labari daga bakin waɗanda suka ga wariya da idonsu. Masu hali kan ziyarci majami'ar Ebenezer da kabarin King a Atlanta, ko otel ɗin Lorraine inda aka harbe shi, wanda aka mayar gidan tarihi a 1991.

To amma ba kowa ne ya gamsu ba. Akwai masu cewa shara da rabon abinci na wuni guda na iya rufe ainihin abin da King ya tsaya a kai. Suna tunatarwa cewa abin da ya kai shi Memphis shi ne goyon bayan ma'aikatan kwasar shara kimanin 1,300 da ke yajin aiki kan ƙarancin albashi, bayan motar shara ta murƙushe biyu daga cikinsu. A ganinsu, yaron da aka koya wa ba talaka abinci, ya kamata a koya masa tambayar abin da ya jefa talakan cikin yunwa. Wani abin takaici kuma, jahohin Alabama da Mississippi suna haɗa wannan rana da tunawa da Robert Lee, janar ɗin da ya yi yaƙi a ɓangaren masu riƙe da bayi.

King ba baƙo ba ne ga yankinmu, domin ya halarci bikin samun ƴancin kan Ghana a 1957, ya kuma je Legas a 1960. Mu ma a nan gida mun san gayya tun kaka da kakanni, mun kuma san dashen itatuwa na ranar 3 ga Agusta. Darasin da ke cikin wannan al'ada ta Amurkawa shi ne a tafi da yaro wurin aiki, a kuma faɗa masa dalilin aikin da sunayen waɗanda suka sha wuya kafin ya samu abin da yake mora a yau. Masu iya magana dai sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.