Jakar Tsakiyar Keke

'Yan'uwa manoma, sau da yawa a ranar kasuwa mukan ga mutum ya ɗaure buhun taki mai kilo 50 a kariya, sa'an nan ya rataye ƙunshin kaya a hannun keke. Ƙunshin yana ta lilo. Ran da ya shiga wayoyin ƙafar gaba, sai faɗuwa da rauni, ga aikin gona yana jira. Alhali kuwa ga fili a banza tsakanin ƙarafa uku na tsakiyar keke.

Ku kara kwali a wurin, ku zana siffar filin, ku yanke. Ku kai wa tela ko baduku tare da tsohon tamfol, ya ɗinka jaka daidai da kwalin. Kaurinta kada ya wuce yatsa huɗu, don kada ta riƙa gugar gwiwa. A sa mata maɗauri a kowane ƙarfe, a datse bakin igiya kada ya kai ga sarƙa.

Sufana, faci, sholisho da littafin ƙungiya cikin leda, duk nan ne wurinsu, masu nauyi a ƙasa. Nauyin tsakiya ba ya fizgar kan keke, ko a cikin yashi.

Amma mun roƙe ku, kada maganin ƙwari ya haɗu da guzuri a jaka ɗaya.