El Anatsui, dattijon da ke saƙa da murfin kwalba

Daga nesa mutum zai rantse wani ƙaton zanen alfarma aka rataya a bango, ja da baƙi da ruwan zinare, ya naɗe nan, ya zubo can. Sai ka matso kusa ka ga babu zare ko ɗaya a jikinsa. Murafun kwalabe ne dubbai, na alminiyum. An yanke kowanne, an buɗe shi, an daddale, an huda masa 'yan ramuka a gefe, sannan an ɗaure shi da na kusa da shi da siririyar wayar jan ƙarfe. Har sunan kamfanin da ya yi abin shan yana nan a jikin wasu, ana iya karantawa. Wannan shi ne aikin El Anatsui, mutumin Gana da ya ƙare ƙarfinsa a Najeriya, kuma yau manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya ke rububin aikinsa.

An haife shi a shekarar 1944 a garin Anyako, a yankin Bolta, cikin ƙabilar Ewe. Mahaifinsa masunci ne kuma masaƙin zanen kente, shi ne autan 'ya'yansa 32. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, kawunsa, wani limamin coci, ya riƙe shi. Ya yi karatun sassaƙa a jami'ar Kumasi, garin da Hausawa suka daɗe da kafa zango a cikinsa albarkacin goro. Ya koyar a Winneba, daga nan a 1975 ya taho Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, bai ajiye alli ba sai 2011. Wanda ke shugabantar sashen fasaha lokacin da ya zo, Uche Okeke, a Zariya ya yi karatu, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a can a 1958, waɗanda suka ce ɗan Afirka ya koyi dabarun Turawa amma ya gina aikinsa a kan abin da ya gada. Ke nan akwai hannun Arewa a ƙasar da Anatsui ya shuka.

Tun farko shi mai duba ƙasa ne. Ya fara da akusan katako da mata ke kasa kaya a kasuwa, yana ƙona musu alamomin gargajiyar Gana da ƙarfe mai zafi. Ya koma yumɓu, yana gina tukwane a fashe da gangan. Ya yi shekaru yana tsaga katako da injin yankan itace yana babbaka shi. A 1999 ya tara murafun gwangwanayen madarar Peak ya haɗa su tsibi-tsibi, bayan nan ya gina bango da tsofaffin kwanon gurzar rogo da suka yi tsatsa.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 ne ya tsinci buhun murafun kwalabe da aka yar a jeji kusa da Nsukka. Ya kai ɗakin aikinsa ya ajiye, ya yi watanni bai taɓa ba, kafin dabarar ɗinka su ta zo masa. Biyu na farko da ya gama ya kira su zanen namiji da zanen mace, suna gidan tarihin Birtaniya da ke Landan yanzu. A 2007 ya lulluɓe fuskar wani tsohon katafaren gida a birnin Benis na Italiya da irin wannan saƙa, daga ranar sunansa ya game duniya. A 2014 an sayar da aikinsa guda a gwanjo a Amurka kan sama da dala miliyan 1.4. A 2015 babban bikin fasaha na Benis ya ba shi lambar Zakin Zinare, a 2023 kuma ya cika katafaren zauren Tate Modern a Landan da ƙarafunsa, yana dab da shekara 80.

Yadda ake aikin ya fi lambobin burge ni. Ba shi kaɗai yake yi ba. Samari ne gommai daga Nsukka da ƙauyukanta ke zaune suna yanka, suna bugawa, suna hudawa, suna murɗa waya, kowa ya haɗa ɗan yanki na launi ɗaya. Sai a shimfiɗa yankunan a ƙasa, dattijon ya tsaya a kansu yana cewa a matsar da wannan, a juya wancan, har idonsa ya gamsu, sannan a ɗinke su wuri guda. Abin da zai rufe bangon bene sai a ninke shi kamar bargo ya shiga akwati. Kuma ba ya aika shi da umarnin yadda za a rataya. Duk wanda ya karɓa ya naɗe shi yadda ya ga ya dace, shi ya sa aiki ɗaya ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu.

Na san mai karatu zai ce ai yawancin murafun nan na kwalaben giya ne. Haka ne, shi ma bai ɓoye ba. Yakan tuna wa mutane cewa barasa na cikin kayan da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar teku suna musanya da bayi, bayin kuma aka kai su ƙetare noman rake, raken aka mayar da shi barasa aka sake dawo da ita. Duk wanda ya tsaya gaban wannan ƙyalli, tarihin cinikin mutane ne ke kallonsa. Ni ban ga tallar giya a ciki ba, na ga tuhuma.

Abin da ya sa na ɗauko labarin nan, hannun da ya yi wannan aiki na san shi a ƙasarmu ta Kankiya da Kusada. Da kaka, in an gama yankan dawa, je ka zauna kusa da yaran garin Kaikai. Yaro zai ɓare bayan kara da haƙori, ya yanka totuwa gunduwa-gunduwa, ya soka siraran ɓawon a ciki, kafin la'asar ga mota da ƙofa da gilas da wurin zaman direba. Wanda ya fi shi wayo zai samo gwangwanin tumatir ya yi mata jiki, ya yanko taya daga tsohon silifa, ya tanƙwara waya ta zama sitiyari mai tsawo da zai riƙe yana tafe. Babu wanda ya zana masa. A kasuwa kuwa ga maƙerin da ke mayar da gwangwani fitilar aci-balbal da mazurari, ga mai yanka tsohuwar taya ya fitar da takalmi da guga. Ido ne da ke ganin abin da tarkace zai iya zama, irin idon da Anatsui ya ci duniya da shi.

Mu kuwa me muke yi da shi? Yaron da ya ƙware a motar kara, ranar da ya tasa sai a ce ya bar wasan banza. In ya ci gaba da bin bola, to ɗan gwangwan zai zama, ya tara ƙarfe a ɗora a sikeli a biya shi kuɗin kilo, a loda a mota a kai narkarwa. Sana'a ce, ban raina ta ba, tana ciyar da gidaje. Amma murfin da ake auna wa yaronmu a sikeli, irinsa ne wani ya ɗinka aka saya da dala.

Akwai kuma wani sauƙi da ya kamata iyaye su lura da shi. Da yawanmu na ƙyamar ɗansu ya karanci zane ko sassaƙa saboda batun surar mai rai. Yawancin saƙar Anatsui babu fuskar mutum ko ta dabba, launi ne da tsari da haske, abin da mai ɗinkin hula da mai zayyanar bangon soro suka daɗe suna yi a nan.

Roƙona ga malaman firamare da na sakandare a Kankiya da Kusada: ku nuna wa ɗalibai hotunan aikin mutumin nan ko a waya ne, ku ware musu rana su kawo abin da suka ƙera a baje a gani. Wanda hannunsa ya fita daban, ku kira mahaifinsa ku gaya masa cewa Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashen da ake koyar da wannan fanni har digiri.