Wa Ke Ɗaga Waya Idan An Kira 112?

Idan motar haya ta ƙwace ta faɗa rami a Tashar Yari, kan titin Zariya zuwa Kano, ko wuta ta kama rumbunan wani gida a Paki da tsakar dare, akwai lambar da gwamnatin tarayya ta tanada domin neman agaji: 112. Kyauta ake kiranta daga kowane layi, ko da babu ko kwabo a wayar mutum. Da yawa daga mutanen Ikara da Makarfi da Kudan ba su ma san da ita ba. Waɗanda suka sani kuma, da an ambace ta sai hankalinsu ya tafi kan motar asibiti, ko 'yan kwana-kwana, ko 'yan sanda. Amma kafin ɗayansu ya motsa, sai wani ɗan Adam da ke zaune gaban kwamfuta da abin sauraro a kunne ya ɗaga wayar, ya fahimci abin da ake faɗa masa, ya gane wurin, sannan ya san wanda zai tasa. Ba a ganin wannan ma'aikaci a wurin hatsari, ba ya shiga hoton jarida, kuma in ana kasafin kuɗin agaji shi ake fara mantawa.

Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ta gina cibiyoyin amsa kiran gaggawa a jihohi. An buɗe ta Katsina a 2019, ta Abuja kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ita a watan Maris na 2020, ana dab da kulle gari saboda korona. Kaduna da Kano suna da nasu. Cibiyar ba ta kai ɗauki da kanta, domin ba ta da motar asibiti, ba ta da tankar ruwa. Nata shi ne ta karɓi kira ta miƙa shi ga masu aikin, wato 'yan sanda, ko jami'an kiyaye haɗurra, ko 'yan kwana-kwana, ko sibil difens, ko hukumar ba da agajin gaggawa. A 2023 NCC ta ce cibiyoyi 27 ke aiki a faɗin ƙasar nan, kuma masu cin abinci a cikinsu sun haura 1,200.

Adadin na da daɗin ji, sai an raba shi. Mutum 1,200 a cibiya 27 ya kama kimanin 44 ke nan a kowace, kuma a cikinsu har da masu kula da janareta da na'urori, da manajoji. Tsarin kowace cibiya kujeru 11 ne, 10 na masu amsa kira, ɗaya ta mai sa musu ido. Aikin ba shi da Juma'a, ba shi da Lahadi, ba shi da hutun Sallah, saboda haka dole a karkasa ma'aikatan, wasu safe, wasu yamma, wasu kwana. Jihar Kaduna kuwa ƙananan hukumomi 23 gare ta, daga Birnin Gwari har Sanga, kuma tun a ƙidayar 2006 mutanenta sun wuce miliyan 6. Ko da a ce kowace kujera da mutum a kanta, mutum goma ne ke sauraron jihar baki ɗaya a lokaci guda.

To, su wane ne waɗannan goman? Amsar wannan tambaya ita ke nuna ko kiran mutumin ƙauye zai yi amfani ko zai tashi a banza.

Mu ɗauka ƙarfe biyun dare ne, cikin watan Agusta, wata dattijuwa a wani ƙauye na ƙasar Paki ta sa jikanta ya danna mata lambar.

"Salamu alaikum. Don Allah ku taimake mu, yarinyar nan ce. Tun magariba take kan gwiwa, ta sauka, amma abin ya ƙi tsayawa."

"Sannu Inna. Jini ne yake zuba?"

"Shi ne, 'yar nan. Har idonta ya fara juyewa."

"A wane gari kuke?"

"Nan Sabon Gari."

Ma'aikaciyar da ta tashi a yankin ba za ta rubuta Sabon Gari ta yi shiru ba, don ta san da wuya a sami ƙaramar hukumar da ba ta da nata Sabon Garin, da Tudun Wada, da Unguwar Sarki. Za ta ce, "Inna, wace kasuwa kuke ci? In an baro kwalta ta ina ake shigowa? Akwai rafi a hanyar? Ya kawo ruwa yau?" Da waɗannan tambayoyi huɗu ta san ko mota za ta iya shiga, ko kuwa sai an ɗauko mai jegon a babur an tari motar a bakin titi. Ta kuma gane tun daga kalmar farko cewa "yarinyar nan" ba ƙaramar yarinya ba ce, matar aure ce da surukarta ko uwarta ke kunyar kama sunanta. Wanda ya zo da digirinsa da Turancinsa, amma Hausarsa ta sayen kaya ce a kasuwa, zai ɓata minti biyar yana neman sunan titi da lambar gida a garin da babu ko ɗaya. Mace mai zubar jini bayan haihuwa kuwa ba ta da mintunan bayarwa.

Haka abin yake ga Bafulatanar ruga, da Bagwarin Chikun, da mutumin Zangon Kataf ko Kachia. Jiha mai harsuna da yawa kamar Kaduna tana bukatar a duba, a kowane zubin aiki, wane harshe ne ke zaune a kan kujerun nan. Ba za ta yiwu a ce mai jin Fulatanci guda ɗaya ne ba, shi ma yau yana hutu.

Sai batun mace da namiji. Dattijuwar nan ta buɗe baki ne don ta ji muryar mace. Da namiji ne ya ɗaga, mai yiwuwa iyakar abin da za ta ce shi ne "ba ta da lafiya," shi kuma ya rubuta rashin lafiya, a sa kiran a sahun waɗanda za su iya jira. Amma samun mata a aikin kwana a Arewa ba ya zuwa da fatar baki. Sai da motar da za ta kai su ta dawo da su, da ɗakin hutawa mai tsaro, da albashin da zai sa miji ko uba ya ga dalilin amincewa. In babu waɗannan, matan za su taru a zubin safe, dare ya zama na maza, alhali naƙuda ba ta duba agogo.

A ƙasashen da suka riga mu, aikin ya daɗe a hannun mata. Kamfanonin tarho na farko a Amurka samari suka fara ɗauka, sai aka ga ba su da haƙuri da jama'a, ga wasa ga baƙar magana. A 1878 aka ɗauki wata mata mai suna Emma Nutt a birnin Boston, daga nan aikin haɗa waya ya koma na mata, ba don haƙurinsu kaɗai ba, har da cewa ana biyansu ƙasa da maza. Da Landan ta buɗe lambar 999 a 1937, bayan wata gobara ta 1935 da ta ci mata biyar yayin da wani maƙwabci ke ta fama ya samu a haɗa shi da 'yan kwana-kwana, ma'aikatan tarho ne suka ɗauki nauyin. Amurka ta fara 911 a 1968, a wani ƙaramin gari na jihar Alabama. Yau masu amsa irin wannan kira a can sun kai kimanin mutum 100,000, mata ne suka fi yawa, kuma matsakaicin albashinsu na kusa da dala 50,000 a shekara. Kada wanda ke lissafi da naira ya buɗe baki. A can wannan kuɗi bai kai na ɗan sanda ba, kuma cibiyoyi da dama na kukan ƙarancin ma'aikata, waɗanda suka rage suna haɗa zubi biyu a jere.

Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne yadda gwamnatin ƙasar ta jera aikinsu a rukunin ma'aikatan ofis, tare da akawu da sakatare, ba a rukunin masu ceton rai ba. Wata 'yar majalisar wakilai daga Kalifoniya, Norma Torres, ta sha gabatar da ƙudurin gyara wannan. Ita kanta ta yi shekaru tana amsa kiran 911 a birnin Los Angeles, kuma ta ce abin da ya tura ta siyasa shi ne kiran wata yarinya mai jin Sifananci da aka bari yana jira don babu mai jin harshenta a kusa, har aka kashe yarinyar. Ke nan ko a ƙasar da ake da lambar gida da taswira a kwamfuta, harshen mai ɗaga waya yana iya zama sanadin rai.

A nan gida, NCC ta ce kamfanonin cikin gida ne ke gudanar da cibiyoyin a madadinta, ita kuma ta tsara albashin ma'aikatan yadda zai ja hankalin matasa. Jan hankalin matashin da ya gama hidimar ƙasa yana zaune ba aiki ba wani abin wahala ba ne. Riƙe shi shekara biyar shi ne aikin. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya tashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a 2024, Jihar Kaduna kuma ta sa nata 72,000. A tsakanin nan aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Duk albashin da aka yanke kafin wannan, in ba a sake duba shi ba, kuɗin mota ya cinye rabinsa. Aikin da ke hannun ɗan kwangila kuma galibi ba shi da matakalar ƙarin girma irin ta aikin gwamnati, shi ya sa matashi ke riƙe shi da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana cika takardar neman aikin kwastan ko banki. Ran da ya tafi, ya tafi da duk abin da ya koya na hanyoyi da rafuka da sunayen ƙauyuka, da sanin wane ofishin 'yan sanda ne ke ɗaga waya da dare. Sabon da za a kawo sai ya faro daga farko, kuma a kan masu kira zai koya.

Ga shi aikin kansa ba na kowa ba ne. Mutum ya saurari ihun uwa, layi ya yanke, ba zai taɓa sanin yadda aka ƙare ba, kafin ya sha ruwa wani kiran ya shigo. Hukumomi sun sha kokawa kan masu kiran wasa, yara da ma manya, wasu don su gwada ko da gaske kyauta ce, wasu don sun ji muryar mace. Mai yin haka ya toshe kujera ɗaya cikin goma, ya kuma ƙara wa mai amsawa zargin kowane kira.

Gaskiyar magana dai, a Paki da Hunkuyi da ƙauyukan Makarfi, in abu ya faru cikin dare, ba 112 ake fara tunawa ba. Lambar direban garin ake nema, ko ɗan acaɓa, ko mai unguwa, ko malamin asibitin da ke kwana a gari, ko a buga wa ladan ƙofa ya yi shela a lasifika. Waɗannan su ne masu amsa kiran gaggawa na haƙiƙa a yankin, kusan dukkansu maza ne, kuma babu mai biyansu ko sisi. A wasu jihohin Arewa, irin su Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe, an tsara abin tare da ƙungiyar direbobi ta NURTW. Aka koya wa direbobin tasha alamomin haɗari ga mai ciki, kamar jijjiga da zubar jini da doguwar naƙuda, aka raba lambobinsu a ƙauyuka, suna ɗaukar mace zuwa asibiti a kan kuɗin mai kawai. Ladan direba shi ne washegari a bar shi ya yi lodi ba tare da bin layi ba. Dabara ce mai kyau, ta kuma ceci mata. Sai dai an gina ta ne a kan kirkin talaka, kuma direban da ya kwana a hanyar asibitin Shika, ya wanke jini a kujerar motarsa da asuba, lodi ɗaya ba ya mayar masa da abin da ya kashe a farashin man yau.

A ganina ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan ba sai sun jira Abuja ba. Makarantar koyon aikin lafiya ta Makarfi, wadda aka sani da sunan Shehu Idris, ta shafe shekaru tana yaye 'ya'yan yankin, maza da mata, kuma da yawansu suna gida ba aiki, ko suna aikin sa kai a asibitocin ƙauye. Sun san hanyoyin, sun san bakin mutanensu, sun san bambancin ciwon da zai kai safe da wanda ba zai kai ba. A ɗauki kaɗan daga cikinsu aiki na dindindin, a tabbata da mace a kowane zubin dare, a ajiye su a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma da waya mai caji da jerin lambobin direbobin kowace gunduma. A ba cibiyar Kaduna lambarsu, yadda in kira ya fito daga wannan shiyya za a haɗa su kai tsaye. Direban da aka tasa kuma a biya shi kuɗin mansa da na wahalarsa a ranar, daga asusun ƙaramar hukuma, ba daga aljihun mijin mai naƙuda ba.