Asalin Kalmar Juyin Juya Hali

Kalmar da yawancin harsunan Turai ke kiran juyin juya hali da ita ta fito ne daga kalmar Latin revolutio, wadda ma'anarta ita ce kewayawa har a dawo inda aka faro, kuma masana taurari ne suka fi riƙe ta da farko. Da ita Kofanikus, masanin nan na ƙasar Poland, ya raɗa wa littafinsa na 1543 suna, inda ya nuna cewa duniya ce ke kewaya rana.

Ko da kalmar ta shigo siyasa, ba ta rabu da wannan ma'ana ta komawa ba. Lokacin da aka tuɓe Sarki James na Biyu a Ingila a 1688, waɗanda suka yi aikin sun ɗauka cewa tsofaffin haƙƙoƙin da sarki ya tauye suka maido. Faransa ce ta sauya wa kalmar fuska daga 1789, domin a can an soke gatan da masu sarauta suka gada, aka rushe sarautar kanta a 1792, aka kashe Sarki Louis na 16 a 1793, har aka ƙirƙiro sabuwar kalanda da ta fara ƙirga daga shekara ta ɗaya, alamar cewa an yanke hulɗa da abin da ya gabata.

Larabci ya bi wata hanya, ya ce saura, daga tushen da ke nufin tashi ko harzuƙa, ya bar inƙilabi, wato kifewa, ga ƙwacen mulki na soja, alhali Farisanci da inƙilabi yake kiran juyin juya halin da aka yi a Iran a 1979.

Hausa ta bambanta biyun bambancin da ya cancanci a kiyaye shi: juyin mulki yana sauya wanda ke kan karaga, juyin juya hali kuwa yana taɓa halin da jama'a ke ciki, wato wa ke da ƙasa, wa ke yin doka, wa ake yi wa biyayya. Wani lokaci na farkon yakan haifi na biyun. Hafsoshin da suka kawar da Sarki Faruku a Masar a 1952 juyin mulki suka yi, amma a shekarar suka ƙayyade gonar da mutum ɗaya zai mallaka, suka raba rarar ga manoma, sannan suka soke sarauta a 1953.