Motar gudu mai giyar hannu: a yi lissafi kafin ta cinye jari

Duk wanda ke zama bakin titi da marece a Maraɗi ko Damagaram ya san ta ko bai san sunanta ba. Gajeruwar mota ce mai ƙofa huɗu, cikinta ya kusa taɓa ƙasa, tayoyinta masu faɗi, idan ta taso daga nesa kukan injinta ke riga ta isowa. Samari ƴaƴan ƴan kasuwa ita suke mafarki, kuma ba ɗaya ba ba biyu ba mun ga uwa ta ɗauki kwasar adashenta ta cika wa ɗanta kuɗin sayenta, ko Alhaji ya ciro daga cikin jarin shago don kada a ce ɗansa ne kawai ke yawo bisa babur. Mu ma mun taɓa mallakar irinta, mun ji daɗinta, ta kuma koya mana karatu mai tsada. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna da masu karatunmu mu yi lissafinta tun daga saye har riƙo.

Wace irin mota ce?

Turawa sun ƙera waɗannan motoci ne don mutumin da ke son ya ɗauki iyalinsa kuma ya ji daɗin tuƙi. Wadda aka fi gani a garuruwanmu ita ce BMW mai lamba 3 ta ƙasar Jamus: samfurin E36 da ya fara fitowa a 1990, da E46 da ya biyo bayansa a 1998. Mai lamba 325i ta samfurin E36 tana da inji mai silinda 6, lita 2.5, ƙarfin doki 192, giya biyar ta gaba, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Faransa ma ta fitar da tata, Peugeot 405 Mi16, a 1987, mai ƙarfin doki 160, haka Mercedes ta yi 190E 2.3-16 a tsakiyar shekarun 1980. Wannan ya nuna cewa mafi yawan waɗanda ke isowa hannunmu sun haura shekara 20, wasu sun girmi masu tuƙa su.

Shekara da shekaru hanyarsu ɗaya ce: daga Turai zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano, daga nan su haura ta Malanbil da Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe wannan iyaka, kuma ko da CEDEAO ta ɗage takunkumi a watan Fabrairu 2024, Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren gadar ba a lokacin, sai kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya ƙaru, kuma abin bai tsaya ga mota kaɗai ba, har kayan gyaranta ya shafa.

Amfanin giyar hannu

Gaskiya ɗaya ce, a ƙasa irin tamu giyar hannu ta fi otomatik rufin asiri. Idan zafin bazara ya kashe batir a tashar ƙauye, samari uku su tura, direba ya sa giya ta biyu ya saki kuloci, ta tashi. Otomatik ba ta san wannan ba. Akwatin giyar hannu ba ya saurin lalacewa, kuma kusan kowane makanike ya san cikinsa, alhali akwatin otomatik idan ya mutu galibi sai dai a sayo wani. A gangare direba na iya sauko da giya injin ya taya birki riƙe mota. Cikin rairayi kuwa shi ke zaɓen giyar da ta dace.

Amma duk wannan amfani ya rataya ne ga abu guda, wato kuloci, wanda makanikanmu ke kira ambirayaj. Faifai ne da ke tsakanin inji da akwatin giya, yana cinyewa kamar takalmin birki. A hannun mai natsuwa yana shekaru, a ƙafar mai garaje ba ya kai damina biyu. Kuɗin faifan ba shi ne abin tsoro ba, aikin ne, don sai an sauke akwatin giya gaba ɗaya kafin a kai gare shi. A kan BMW ɗin nan kuma akwai wani babban faranti mai nauyi a bayan inji, mai ɓari biyu da sifirin a ciki, wanda idan kuloci ya ƙone ya ƙona shi, kuɗinsa ya fi na kulocin kansa.

Abubuwan da ke kashe kuloci sanannu ne. Na farko, direba ya ɗora ƙafa bisa feda yana tafiya, ko da bai taka ba. Na biyu, ya tsaya a danja ko shingen jandarma da giya a ciki, ƙafa ta danne feda, maimakon ya maida firi. Na uku, ya riƙe mota a hawa da rabin kuloci maimakon birkin hannu. Na huɗu, wanda ya fi yi mana illa a nan, shi ne idan mota ta kafe cikin rairayi direba ya dinga ba ta wuta da rabin kuloci har wari ya tashi. Mintuna kaɗan na wannan sun isa su ƙone abin da zai yi shekara biyar. Abin yi shi ne a sauka, a tone gaban taya, a rage mata iska, a sa itace ko tabarma, a fita a hankali. Na biyar, tashin ganin-ido da samari ke yi ranar biki, taya na ƙara ƙura na tashi. Mai wannan wasa kuɗin uwarsa yake ƙonawa.

Ranar da tamu ta tsaya

A watan Afrilu 2021, cikin azumi, muna dawowa daga Yamai da tamu tsohuwar 325i. Mun wuce Ƙonni da tsakar rana, sai muka ga allurar zafi ta gota tsakiya. Muka ce bari mu lallaɓa mu kai Gidan Rumji. Ba mu kai ba. Hayaƙi ya turnuƙe gaban mota, inji ya mutu. Da aka jawo ta Maraɗi aka buɗe, sai aka tarar kan injin, wanda makanikai ke kira kilas, ya lanƙwashe, don da sanholo aka yi shi kuma ba ya jure tafasa. Mako uku tana ajiye muna jiran kaya daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma abin da muka kashe ya kusa rubu'in kuɗin da muka saye ta.

Laifin namu ne kashi biyu. Mun yarda wani makanike ya cire mata abin daidaita zafin ruwa da sunan wai a ƙasar zafi ba ta buƙatarsa, muka kuma riƙa cika lagireto da ruwan rijiya. Ruwan rijiya yana tara tsatsa da ƙasa-ƙasa ya toshe ƙananan hanyoyi, yana kuma saurin tafasa fiye da ruwan lagireto na kanti. Sai kuma laifi na biyu, mun ga allura ta tashi ba mu tsaya ba. Da mun kashe inji a wurin, da tiyo guda kawai za mu saya.

Darasin shi ne: wuyan lagireto, da tulun ruwa, da wasu sassan famfon ruwa na waɗannan motoci roba ce, robar da ta shekara 20 kuwa ta bushe, ga shi a watan Afrilu da Mayu zafinmu yana wuce digiri 40. Wanda ya sayi irin wannan mota ya fara da canza su tun kafin ya sayi rediyo mai ƙara ko ya baƙanta gilashi.

Ƙura, ramuka da ruwa

Ƙurar hunturu na toshe matatar iska, don haka a riƙa duba ta kowane mako a lokacin buji, idan ta gaji a canza, kada a huda ta. Baƙin man inji kusan lita 6 take ci, kuma a yanayinmu bai kamata a jira dogon zangon da Turawa suka rubuta don hanyoyinsu ba. A yi bidanji duk kilomita 5,000 tare da canza matatar mai, a sayi mai na galan a rufe, ba na kwalbar bakin titi ba. Man akwatin giya ma yana tsufa, ko da yake mutane na mantawa da shi. Man birki kuwa, wanda a BMW tulu ɗaya yake sha da kuloci, ana canza shi duk shekara biyu saboda yana tsotsar laima.

Injin 325i na E36 da sarƙa yake tafiya, ba ta cika ba da tsoro ba. Amma Peugeot 405 Mi16 bel ne na roba, kuma idan ya tsinke mota na tafiya, bawul sun lanƙwashe ke nan. Wanda bai san ranar da aka sa bel ɗin motarsa ba, ya ɗauka lokacin canza shi ya yi.

Gajartar motar ita ce adonta, ita ce kuma cutarta. Kowane tudun rage gudu na cikin gari yana iya bugun kaskon mai, kowane rami na iya lanƙwasa ƙafar taya ta sanholo. Da damina kuma, kamar yadda mutanen Maraɗi suka gani a ambaliyar 2024, mota mai ƙasa-ƙasa ba ta shiga ruwa. Idan inji ya shaƙi ruwa ta hanyar iska, nan take yake karyewa. In ta mutu cikin ruwa kada a sake tada ta, a jawo ta.

Sai taya. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Mai 2315 an yi ta mako na 23 na 2015. Tsohuwar taya ko da zanenta na da kyau tana iya fashewa bisa kwalta mai zafi, haka tayar da aka yi don ƙanƙarar Turai.

Lissafin ɗan kasuwa

A watan Yuli 2024 gwamnati ta sauko da litar isansi daga sefa 540 zuwa 499. Tamu tana shan kusan lita 9 a kilomita 100 bisa doguwar hanya, cikin gari kuwa 12 ko fiye. Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne, wato kusan lita 60, jikka 30 ke nan bisa wancan farashi, zuwa da dawowa jikka 60, ba a sa abinci da kuɗin hanya ba. Da can mutanen bakin iyaka na samun sauƙi wurin ƴan ruwa-ruwa, amma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu 2023 wannan araha ta gushe. Man kwalba ma dama yana zuwa da ruwa da datti masu toshe famfon mai. Matatar SORAZ ta Damagaram na aiki tun 2011, amma duk da haka a watan Maris 2025 an sha layi a gidajen mai, kuma a irin wannan rana mai motar da ta fi sha shi ya fi wahala.

A kan wannan a ɗora asiransi, da takardun duwan, da kart giriz, da tayoyi huɗu. Shawararmu ita ce duk wanda zai saya ya ware aƙalla rubu'in kuɗin motar ya ajiye don gyaran shekarar farko. Idan wannan kuɗi daga jari zai fito, lokacin sayenta bai yi ba. Kuma a sani ba motar kaya ba ce: buhunan albasar Galmi ko wake a bayanta suna kashe sifirin da kuloci tare.

Ranar saye a je da makanike naka, ba na dillali ba, kuma a je da safe inji na sanyi. Kada a dogara da lambar kilomita, ana maida ta baya. A dubi yadda robar feda da sitiyari suka cinye. A buɗe murfin mai, idan an ga fari-fari kamar madara, ruwa na haɗuwa da mai. A ja birkin hannu, a sa giya ta uku, a saki kuloci sannu: idan inji bai mutu ba, kuloci ya ƙare. A tabbata lambar jikin mota ta yi daidai da ta takarda.

Abin da ya fi kuɗi

Hanyar ƙasa mai lamba ɗaya ta ratsa tsakiyar garuruwa: Dogondutsi, Galmi, Gidan Rumji, Cadawa, Agye, Tasawa. Ranar kasuwa bakin kwalta cike yake da mata masu tallar ƙosai da fura, da yara, da amalanke. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 cikin daƙiƙa ɗaya, kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninka huɗu yake yi. Ga shi mota mai turi da baya tana saurin juya gindi bisa rairayi ko jar ƙasa idan aka ba ta wuta a kwana. Akwai kuma masu maida firi ko kashe inji a gangare don tattalin mai; da inji ya mutu birki da sitiyari sun yi tauri, sai abin da Allah ya yi.

Don haka iyayenmu mata da Alhazanmu, idan yaro ya zo da maganar wannan mota, ku tambaye shi abu uku: yana da lasin tuƙi na gaskiya? Wa zai biya mai da gyara? Wane makanike ya san ta a garinku? Idan ya amsa duka, to mota ce mai ƙarko da daɗin tuƙi, kuma za ta daɗe a hannun mai kula. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Allah ya tsare mana dukiya, ya kiyaye hanya.